Kwarzanen Faifan Alhaji

Ƙarfe takwas da kwata na dare ne, an idar da sallar isha'i, a wata Laraba ta ƙarshen damina. Waɗanda suke wurin su ne kakata Iya, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno. Ni a damanta. Ƙanena Ɗanlami a hagunta, yana gasa masara a bakin murhu. Sai mahaifinmu, wanda muke kira Baba, yana can gindin famfo yana darje tukwane da toka. Mahaifiyarmu ba ta nan, ta tafi ƙauye wankan jego. Na tabbatar da lokacin ne domin a daidai wannan ƙarfen mai gidan da muke zaune yake ɗora faifai a kan garmaho, shi kuwa mutum ne da ba ya saɓa lokaci.

Zan faɗi abin bi da bi, domin ba na son labarin da ake kamawa daga tsakiya. Amma ya kamata a san dalilin rubutun tun yanzu. Kwanakin baya ɗana Kamalu ya tashi haiƙan sai na rabu da wancan garmahon, wanda yau yake falona, in tsaya ga 'yar sifikar da ya saya mini, mai ɗauko waƙa daga waya. Shi yana ganin lafiyata yake tsarewa. Ni kuma ina ganin lafiyata tana jikin garmahon. Yadda muka ƙare da shi yana ƙarshen rubutun, inda ya dace ya kasance.

Baba kuku ne a gidan wani Alhaji a unguwar manya ta Nasarawa GRA, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki. Gidan irin ginin Turawan da ne, mai faffaɗar baranda da dogayen tagogi, mangwaro da darbejiya sun yi masa rumfa. Mu muna ɗakunan baya, waɗanda ake kira boyis-kwata, tsakaninmu da babban gida akwai lambu da igiyar shanya. Abincin Alhaji a kicin ake dafa shi. Namu kuwa, Iya ta ce ba za ta ci tuwon da bai ji hayaƙi ba, don haka ta kafa duwatsu uku a bayan ɗakinmu. In an sauke tuwo ba a kashe wutar. Hayaƙinta yana korar sauro, garwashinta yana gasa masara, haskenta kuma shi ne fitilar tatsuniya.

Ga waɗanda ba su riski garmaho ba, na Alhaji akwati ne na katako mai tsawo, da wutar lantarki yake aiki. Faifansa baƙi ne, faɗinsa ya kai babban faranti, kuma fuska biyu gare shi. A ɗora shi, ya fara juyawa, a sauke masa wani siririn hannu mai allura a baki, sai kiɗa ya tashi. In fuska ɗaya ta ƙare sai a yi tsit, har sai wani ya tashi ya juya shi. Alhaji yakan buɗe tagogi in zai saurara, saboda haka kiɗan yakan ratso lambu ya iske mu a bakin murhu. Iya ta mai da shi agogonta. In kiɗa ya tashi, tatsuniya ta tashi. In aka yi tsit, ita ma sai ta dakata ta ce, "Alhaji yana juya nasa, ku ma ku juya masararku."

A cikin faya-fayan akwai wanda Alhaji ya fi so, na kiɗan garaya da 'yan amshi, kusan kullum da shi yake farawa. Wannan faifan yana da kwarzane a wuri guda. An ce wani baƙo ne ya taɓa jan hannun garmahon da ƙarfi. In allura ta iso wurin sai ta maƙale: garaya ta kaɗa, 'yan amshi su buɗe baki su yi rabin amshi, sai a koma baya, garaya ta sake kaɗawa, su sake rabin amshi. Haka zai yi ta yi har sai an tashi an ɗan tura hannun gaba.

Iya ta raɗa wa faifan suna, mai in'ina. Da ya maƙale sai ta ɗaga yatsa ta ce, "To, mai in'ina ya fara. Ku yi shiru mu ji wa zai tashi." Daga nan muka koyi karanta babban gida ba tare da mun leƙa ba. In Hajiya, matar Alhaji, tana falo, kan ka ce kwabo an tura shi. In Alhaji ne shi kaɗai, sai an ɗan jima, domin yana da ciwon gwiwa. Za ka ji tarinsa, ka ji ƙarar kujera, sannan kiɗa ya wuce. Ɗanlami kuwa rawa yake tashi ya yi wa in'inar, ƙafa ɗaya gaba, ya dawo da ita, ya sake kai ta, Iya tana cewa, "Zauna, maigidana, kada ka faɗa mini a wuta in rasa mai cefane."

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a sauran gidaje. Takan ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." In ta gama kuma ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta." A cikin baƙin nata akwai wadda na fi so, ta turmin Delu, na haddace ta daga kai har ƙafa. In Iya ta tsallake wani wuri ko ta sa na baya a gaba, nan take nake tsayar da ita. Shi ya sa take kirana Alƙaliya.

Ga yadda tatsuniyar take. Wata mata ce mai suna Delu, ita kaɗai a gidanta, tana da tsohon turmi mai tsaga. Turmin kowa in an daka sai ya ce dum, nata kuwa sai ya ce kwas. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai baki, kullum tana yi mata dariya ta bayan danga, tana cewa, "Delu, turminki yana tari, a kai shi wurin mai magani." Wata rana Delu ta je daji itace, ta iske wani masassaƙi a gindin kirya, yunwa ta kayar da shi. Ta dama masa 'yar furar da ta ɗauro a gefen zane, ta ba shi duka. Ashe aljan ne. Da ya farfaɗo sai ya sassaƙa mata turmi da taɓarya, ya ce, "In kin zuba tsaba ki ce, turmi ga aiki, zai yi ta daka da kansa. Ba zai tsaya ba sai kin ce, turmi sannu da aiki." Delu ta kai shi gida, ta riƙa yi wa gari dakan biki da na suna, ta sami awaki, ta sami saniya, ta faskara tsohon turmin ta hura wuta da shi. Nan baƙuwa take naɗe tabarma. Haka na san ta, haka kuma nake son ta.

Yanzu in koma ga waccan Larabar. Hajiya ta yi tafiya Zariya, 'yarta ta haihu. Alhaji shi kaɗai ne a babban gida, maigadi kuma yana can bakin ƙofar waje, nesa da falo. Iya ta buɗe tatsuniyar Delu, ta kai inda masassaƙi yake miƙa mata turmi, sai mai in'ina ya maƙale. Muka yi dariya yadda muka saba. Ɗanlami ya tashi ya fara rawarsa. Iya ta ɗaga yatsa, muka kasa kunne don mu ji tari da ƙarar kujera.

Babu tari, babu kujera. Garaya ta kaɗa, rabin amshi, a koma baya.

Ɗanlami ya yi rawa har ya gaji ya zauna. Masarar da ke kan garwashi ta fara ƙauri. Na ce, "Iya, ci gaba mana, an tsaya a kan turmi." Ba ta ko dube ni ba. Fuskarta tana wajen tagogin babban gida.

Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa. Mai tuwo take ce masa. Ta ce, "Kai mai tuwo, tashi ka leƙa mutumin nan."

Baba ya ce, "Iya, kin san dokar gidan nan. In na kwashe kwanuka, ba mai shiga falo sai ya buga ƙararrawa. Balle yana sauraron kiɗa."

"Wannan kiɗa ne kake ji?"

"Wataƙila gyangyaɗi ya kwashe shi."

"A cikin wannan in'inar? Ko mataccen barci ne ai ta tashe shi."

Baba ya ci gaba da darje tukunya, amma hannunsa ya yi sanyi. Ni na san abin da yake tsoro. Alhaji mutumin kirki ne, amma ba ya son a keta masa ƙa'ida, kuma kukun da Baba ya gada a kan irin wannan shiga ba izini ya bar aiki. Ɗakin da muke kwana da makarantar da nake zuwa duk a jikin wannan aikin suke. Ya ce, "In na shiga na tarar lafiya lau yake fa?"

Iya ta ce, "Sai ka sha faɗa. Faɗa ba ya tsiro a jiki."

Bai motsa ba. Garaya ta sake kaɗawa, 'yan amshi suka sake rabin amshi. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, ban kuma sake ji ba har ta koma ga Mahaliccinta. Iya ta miƙe tsaye ta ce, "Haruna! Tashi!"

Tukunyar ta suɓuce daga hannun Baba. Ya tashi zumbur, ya ratsa lambu a guje, ko takalmi babu. Jim kaɗan muka ji salatinsa, muka ji yana ƙwala wa maigadi kira.

A ƙasa ya tarar da Alhaji, tsakanin kujera da garmaho, hannunsa ɗaya a miƙe, bakinsa ya karkace, idonsa biyu amma magana ta ƙi fita. Ya taso ne zai tura hannun garmahon, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riske shi a hanya. Maigadi ya taso direba, suka ciccibe shi zuwa mota, Baba ya bi su asibiti da tokar wanke-wanke a hannunsa. A cikin wannan ruɗani babu wanda ya tuna da garmaho. Mota ta fita, gida ya yi shiru, mai in'ina kaɗai yake ta faman rabin amshinsa.

Iya ta kama hannuna muka shiga falon, ni da ita ba wanda ya taɓa taka shi. Muka tsaya a gaban akwatin. Ta ce, "Alƙaliya, ke ce 'yar makaranta, ya ake sa shi ya yi shiru?" Na ga siririn hannun yana tsalle a wuri ɗaya, na sa yatsa a ƙarƙashinsa na ɗaga. Aka yi tsit. Iya ta dafa katakon da tafin hannu, yadda ake dafa jakin da ya kawo kaya gida, ta ce, "Sannu da aiki, mai in'ina. Yau kam ka yi magana."

Alhaji ya tsallake ciwon. Likita ya gaya wa Hajiya cewa da ya kwana a wurin, da wani labarin ake yi. Ya dawo gida yana jan ƙafa, harshensa ya yi nauyi, hannun damansa ba ya riƙe abu. Da ya ji yadda aka yi, ya aika wa Iya da zane da goro, ya kuma soke dokar ƙararrawa. Babban ɗansa ya ce zai nemo masa sabon faifai irin wancan, marar kwarzane. Alhaji ya girgiza kai, ya nuna tsohon da hannun hagu, ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Wannan. A bar shi." Tunda hannunsa ba ya iya juya faifai, ni aka ɗora wa aikin. Shi ya koya mini a goge shi da ƙyalle mai laushi, a riƙe shi ta gefe kada yatsa ya taɓa fuskarsa, a mai da kowanne cikin jakarsa, a jera su a tsaye ba a kwance ba. Wannan aiki ya dace da halina, na riƙe shi da kyau.

Duk tsawon kwanciyarsa a asibiti Iya ba ta yi tatsuniya ba. Ta ce ba a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma mai gida yana kwance. Ranar da kiɗa ya sake ratso lambu, na je na juya faifai na dawo, na ce, "Iya, akwai bashin tatsuniya. An tsaya a inda masassaƙi ya miƙa turmi."

Ta ce, "Ke dai ba ki mantuwa." Ta ɗora daga wurin. Delu ta kai turmi gida, ta yi dakan biki, ta sami awaki. Ina jira a faskara tsohon turmi, sai na ji Iya ta ce Delu ta kife shi a bayan ɗaki.

Na ce, "Faskarawa ta yi."

"Kifewa ta yi. Yi shiru."

Ta ci gaba. Wata safiya Delu ta zuba tsaba ta ce, turmi ga aiki. Ta juya za ta ɗauko ƙwarya, sai zazzaɓi mai zafi ya kayar da ita a cikin ɗaki, har ba ta iya ɗaga murya. Turmi ya yi ta daka, dum, dum, dum. Hantsi ya yi, rana ta take, la'asar ta yi sanyi. Duk wanda ya wuce ta ƙofar gidan sai ya ce, "Kai, Delu akwai himma," ya yi gaba. Aka kwana, aka tashi, turmi yana daka. Sai tsohuwar nan mai baki ta tsaya a bayan danga ta kasa kunne. Ta ce, "Lokacin turmi mai tari, nakan san sa'ad da Delu ta tsaya share gumi, da sa'ad da ta tsaya tankaɗe, da sa'ad da ta tafi salla. Wannan daka kuwa babu numfashi a cikinsa." Ta keta danga ta shiga, ta iske Delu saura ƙiris. Ta yi jinyarta har ta warke. Daga ranar Delu ba ta yar da sabon turmi ba, domin shi ne abincinta. Amma ta tayar da tsohon, kullum da safe sai ta zuba ɗan tafin gero ta daka da hannunta, kwas, kwas, kwas, don maƙwabta su ji ta tashi lafiya.

Iya ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Iya, ba haka take ba. Kin canza ta. Babu zazzaɓi a ciki, babu keta danga."

Ta yi dariya har sai da goron bakinta ya fito. Ta ce, "Alƙaliya, ni faifan Alhaji ce da zan riƙa maimaita abu ɗaya? Na ga abin da ban taɓa gani ba, ita ma baƙuwar ta gani. Ke kina so ta dawo kamar ba ta je ko'ina ba?"

Ban yarda ba. Na daɗe ina ganin Iya ta ɓata tatsuniya mai kyau.

Shekaru suka tura. Iya ta rasu, Baba ya rasu, Alhaji ma ya rasu. Da za a raba kayansa babu wanda ya nemi garmaho, domin lokacin kaset ya shigo, sai Hajiya ta ce a ba ni, ni da na san kansa. Gidan ma an rushe shi, an yi wasu gine-gine a filin. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na yi aikin shugabar kicin a makarantar kwana ta 'yan mata har na ajiye, kuma waɗanda suka ci abincina sun san ba na wasa da lokaci. Yanzu ina unguwar Badawa, a sashena ni kaɗai tun rasuwar maigidana. Kamalu da matarsa Sa'adatu da 'yarsu Ummi suna sashen gaba.

Kamalu ne ya kwashi faya-fayan ya kai wa wani mai sana'ar, aka juye waƙoƙin cikin waya, ya haɗo mini da sifika. Zan faɗi gaskiya a kanta, domin ba na son son kai. Muryarta tas take, babu shuu, babu ƙaras-ƙaras. In an yi mata caji, ko an ɗauke wuta tana yi. Ina ɗaukarta da hannu ɗaya in kai kicin. Abin da ya cika kabad na faya-fayai ya shige cikin waya har da sauran wuri. Faifai kuwa nauyi gare shi, zafi yana lanƙwasa shi, kowane sauraro yana ɗan cinye shi, allurarsa kuma sai an yi odarta daga nesa. Ni dai a kunnena kiɗan faifai ya fi kauri, kamar tuwon da ya ji hayaƙi, amma Kamalu ya ce sabo ne kawai, kuma ba zan yi rantsuwa a kan kunnen da ya tsufa ba.

Mai juye waƙoƙin har gwaninta ya yi, ya gyara wurin kwarzanen. Ranar da na fara jin kiɗan garayar nan a sifika, da aka iso wurin sai na ga na yunƙura daga kujera, hannuna ya yi gaba. Kiɗa ya wuce sumul, ni kuma ina rabin tsaye, ba abin da ake bukata daga gare ni. Na koma na zauna. Duk da haka sauƙi ya rinjaye ni. Na lulluɓe garmaho da zane, na koma sifika.

A daminar da ta wuce, bayan la'asar, santsi ya kwashe ni a ƙofar bayi. Ƙuguna ya bugu, na kasa tashi. Wayar tana falo, ita ce ma take ba sifika waƙa, na kuma ƙure murya don in ji daga ciki. Na yi kira, sifika ta fi ni murya. Waƙa ta ƙare, wata ta hau, wata ta bi ta, babu tsayawa. Sa'adatu ta zo da kwanon abinci har bakin ƙofata, ta ji kiɗa, ta ce a ranta Umma tana hutawa, ta ajiye ta koma. Ban ga laifinta ba, domin ta san ba na son a katse ni in ina sauraro. Ina kwance a kan siminti mai sanyi, ina jin garayar Alhaji tana wuce wurin kwarzane sumul, sai muryar Iya ta faɗo mini: wannan daka babu numfashi a cikinsa. A wurin na janye ƙarar da na daɗe da shigarwa a kanta. Ba ɓata tatsuniyar ta yi ba, ƙarasa ta ta yi.

Sai bayan magariba Ummi ta shigo neman tsintsiya ta gan ni. Alhamdu lillahi babu karaya, targaɗe ne. Da na fara takawa da sanda sai Kamalu ya zo ya zauna a gabana, ya ce, "Umma, akwatin nan ya tare hanya. A fitar da shi ki sami wurin wucewa."

Na ce, "Ba fitar da shi za a yi ba, yaye masa zane za a yi."

"Haba Umma. Tashi ki juya, tashi ki tura, da wannan ƙugun? Shi ne zai sake kayar da ke. Ga abin da za ki danna sau ɗaya ya yi ta yi har gobe."

"Ai na ga yadda yake yi har gobe. Ina kwance a ƙasa yake yi."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To ki daina ƙure murya, ki riƙa yawo da wayar a jikinki."

Na ce, "Na karɓi wannan, gaskiyarka ce. Kai ma zauna ka karɓi tawa." Na ba shi labarin waccan Larabar da tatsuniyar Delu, bi da bi, kamar yadda na rubuta su a nan. Bai taɓa ji ba, domin ban saba zama hira da 'ya'yana ba. Da na kai inda Iya ta kama sunan Baba, sai na ga ya kawar da fuska.

Ga yadda muka shirya. Da rana sifika ce, a kicin da tsakar gida, muryarta a ƙasa, waya kuma tana cikin 'yar jaka a wuyana. Garmaho an matsar da shi jikin bango, kusa da tagar da ke kallon sashen gaba. Ƙarfe takwas da kwata ina buɗe tagar, in ɗora mai in'ina. In suka ji kiɗa ya tashi, sun san na yi isha'i lafiya. In allura ta maƙale aka tura ta, sun san ina kan ƙafata. In ta maƙale ba a tura ba, ba mai jiran izini.

Sai dai tsarin bai tafi yadda na tsara ba. Ummi ba ta bari a gwada. Tun kafin allura ta iso wurin tana bakin ƙofa, tana cewa, "Hajiya Kaka, kar ki tashi, ni zan tura!" Na koya mata riƙe faifai ta gefe. In ta tura ba ta komawa, sai ta zauna a ƙasa ta ce a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. Jiya na ba ta tatsuniyar Delu, na sa wa tsohuwa mai baki sanda da ciwon ƙugu. Ta ce, "Ba haka kika faɗa wancan karon ba." Na ce mata ta yi shiru.

To, kai mai karatu, ko ke, ga roƙona. Ban ce ka nemo garmaho ba, waya ta wadatar da zamaninku. Amma in akwai tsoho a gidanku ko a maƙwabtanku, ka saya masa abin da yake kiɗa ko magana ba ya gajiya, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ji sauti yana tashi ka ce lafiya lau yake. Gani ya kori ji. Yau ɗin nan, in an idar da isha'i, ka je ka yi sallama, kada ka juya sai ka ji ya amsa da bakinsa. In bai amsa ba, ka tura ƙofar ka shiga. In ka tarar lafiya yake ya yi maka faɗa, ka sha. Faɗa ba ya tsiro a jiki.